Yadda Ake Koya wa Yaro Kimtsa Abin da Ya Watsa

Na shafe shekaru ina wani aiki da babu wanda ya sa ni. Da zarar yara sun yi barci, sai in bi gida lungu-lungu ina tsince-tsince: takalmi ɗaya a ƙarƙashin kujera, ɗan'uwansa a bakin ƙofa, fensir a kan katifa, kayan wasa birjik kamar an yi ruwansu. Kafin in kwanta komai ya koma mazauninsa, ni kuma ina jin na sauke nauyi. Wata rana babban ɗana, lokacin yana da shekara bakwai, ya tuɓe safa ya yar a tsakar ɗaki. Na ce masa, "Wa zai ɗauke maka wannan?" Bai yi mini rashin kunya ba. Da zuciya ɗaya ya ce, "Mama, ai kullum da safe ina tarar da su a wurinsu." Nan take jikina ya yi sanyi. Ashe tsawon shekarun nan darasi guda nake koya masa, ya kuma haddace shi tsaf: duk abin da aka yar, akwai hannun da zai ɗauke.

Shi ya sa idan na ji ana mitar cewa yaran yanzu ba su iya gyara ba, nakan so in tambaya ko wa ya taɓa zama ya nuna musu. Kimtsa kaya abu ne da ake koyo, kamar ɗaure igiyar takalmi ko riƙon alƙalami. Nauyin koyar da shi yana wuyan uwa da uba. Ba za a jingina shi ga malamin makaranta ko 'yar aiki ko babbar yaya ba.

Abin da ke sauƙaƙa aikin shi ne yaro ƙarami yana son taimako tun kafin a roƙe shi. A shekarar 2006, masana biyu, Felix Warneken da Michael Tomasello, da ke aiki a lokacin a cibiyar bincike ta Max Planck a birnin Leipzig na Jamus, sun gwada yara 'yan wata goma sha takwas. Babba zai riƙa shanya, sai abin maƙale kaya ya suɓuce masa, ya miƙa hannu kamar ya kasa kaiwa. Yaran kan tashi su ɗauko su miƙa masa ba tare da an ce musu komai ba. Idan kuwa da gangan ya jefar, ba kasafai suke kulawa ba. Ke nan son taimakon yana nan tun farko. Mu ne muke kashe shi da "matsa can, za ka ɓata mini aiki" yana ɗan shekara biyu, sannan idan ya kai goma mu dawo muna kukan ba ya tsinana komai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mataki na farko: ku gyara wurin kafin ku nemi gyaran yaro

Yaro ba zai mayar da abu wurinsa ba idan abin ba shi da wuri. Wannan ya yi kama da zancen da kowa ya sani, amma ku gwada: ku ɗauki abu goma daga cikin kayansa, ku tambayi kanku ina ne takamaiman mazaunin kowanne. Idan ku manya kun yi jinkirin amsawa, to shi ina zai nufa?

Ku durƙusa a kan gwiwa, ku kalli ɗakin daga tsayinsa. Maratayin da ke sama da kansa, a wurinsa tamkar babu shi ne. Akwatin da murfinsa ke da nauyi, ko durowar da sai an yi kokawa take buɗewa, duk shinge ne. Likitar nan 'yar Italiya, Maria Montessori, da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, daga nan ta fara: ta sa aka yi ƙananan kujeru da tebura, aka sauko da kantoci daidai hannun yara, aka ba su tsintsiya da tsumma daidai ƙarfinsu. Yaran suka riƙa ɗauko abu da kansu suna mayarwa da kansu.

Ba sai an sayi komai ba. Kwali biyu ko uku marasa murfi sun isa: ɗaya na motoci da ƙwallo, ɗaya na 'yan tsana, ɗaya na littattafai da kayan zane. Yaron da bai iya karatu ba, a liƙa hoto ko a zana masa abin a jikin kwalin. A kafa ƙugiya daidai kafaɗarsa don jakar makaranta. A ware wa takalma wuri guda kusa da ƙofa. Kwandon kayan wanki kuma a ajiye shi daidai inda yake tuɓe kaya, domin can kayan ke faɗuwa. Kada a kai shi wani ɗaki saboda ya fi kyan gani.

Sannan ku rage kayan. Wannan ne iyaye suka fi jin nauyinsa, shi ne kuma ya fi aiki. Yaro mai shekara uku ba zai iya tattara abu sittin ba, amma zai iya tattara goma. Ku kwashe fiye da rabi ku ɓoye a sama, bayan mako biyu ko uku ku musanya. Zai karɓe su da murna kamar sababbi. Wanda ya karye a zubar, wanda ya yi masa ƙanƙanta a bayar, kuma idan ya kai shekara biyar a yi wannan zaɓen tare da shi, ba a bayan idonsa ba.

Mataki na biyu: ku nuna, ku rage magana

"Je ka gyara ɗakinka" umarni ne da ya fi ƙarfin ƙaramin yaro. A cikinsa akwai aiki kusan goma a dunƙule: ya duba, ya gane abin da ba ya wurinsa, ya zaɓi inda zai fara, ya tuna mazaunin kowane abu, ya kuma daure kada wasa ya ɗauke masa hankali. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke kula da tsara aiki da kame kai, shi ne ke jinkirin nuna, har sai mutum ya haura shekara ashirin yake kammala girma. Don haka idan kun tura shi gyara, kuka leƙa bayan minti goma kuka tarar ya zauna yana wasa da abin da ya fara ɗauka, ba lallai raini ba ne. Sau da yawa ya rasa ta inda zai ɓullo ne.

Ku warware masa umarnin. "Saka motocin nan a kwalinsu." Idan ya gama, "Yanzu littattafai." Abu ɗaya a lokaci ɗaya ga mai shekara biyu zuwa uku, biyu ga mai huɗu zuwa biyar. Kuma kada ku ƙwala masa kira daga wani ɗaki. Ku zo kusa, ku sunkuya, ku haɗa ido, ku faɗa da murya ta yau da kullum.

Kowane sabon aiki yana bin hawa huɗu. Da farko ku yi yana kallo, a hankali, fiye da yadda kuka saba, ba tare da dogon bayani ba, domin idan baki yana zuba yaro fuska yake kallo, ba hannu ba. Na biyu ku yi tare: ku riƙe gefen zanin gado, shi ya riƙe ɗaya gefen. Na uku ya yi da kansa kuna tsaye kusa, hannunku a naɗe, bakinku a rufe sai in ya nemi taimako. Na huɗu ya yi ba kwa nan, daga baya ya kira ku ku gani. Masanin halayyar yara ɗan Rasha, Lev Vygotsky, ya daɗe da bayyana cewa abin da yaro ya iya yi yau da taimakon babba, shi zai iya yi gobe shi kaɗai. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallakawa daga hawa na farko zuwa na huɗu: a nuna masa sau ɗaya, gobe a ce ai na riga na koya maka. Hawa na biyu da na uku kan ɗauki makonni, wani lokacin watanni, kuma a nan ne ainihin koyon yake.

Mataki na uku: ku ba shi daidai ƙarfinsa

Daga shekara ɗaya da rabi zuwa uku, zai iya jefa kayan wasa a kwali, ya kai rigarsa kwandon wanki, ya jefa takarda a kwandon shara, ya goge ruwan da ya zubar da tsumma. Gogewar ba za ta yi kyau ba. Ku bar shi ya goge.

Mai shekara huɗu zuwa biyar zai iya ware kaya kashi-kashi, ya kai farantinsa wurin wanke-wanke, ya jera takalma, ya rataye jaka, ya ja zanin gado ya ɗora matashi. Daga shida zuwa takwas sai a ƙara shara, ninke tufafinsa, wanke kofinsa da farantinsa, da haɗa jakar makaranta tun da dare. Daga tara zuwa sha biyu ya kamata ya iya wanke ƙananan kayansa, ya sauya zanin gado, ya fitar da shara, ya bar banɗaki yadda ya same shi. Wannan ma'auni ne kawai. Yara sun bambanta, kuma wanda ke da wata lalura ta jiki ko ta tattara hankali zai buƙaci a ƙara gutsuttsura masa aikin, a kuma daɗe tare da shi a hawa na biyu.

Akwai abin da ba a ba yaro ko da ya nace. Ruwan bilic da sauran sinadaran wanke banɗaki a kulle su a sama. Fasasshen gilashi babba ne ke kwashewa. Bokiti mai ruwa kada a bar shi kusa da mai rarrafe ko mai koyon tafiya, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi idan ya faɗa da ka. Idan kuma akwai ƙarami a gidan, ku gaya wa yayyensa dalilin da ya sa ake tsince ƙananan abubuwa daga ƙasa, musamman batirin nan mai kama da maɓallin riga, wanda idan aka haɗiye yake ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. Na lura yaro yakan ɗauki aikin da muhimmanci idan ya san ƙaninsa yake karewa.

Mataki na huɗu: ku ɗaure gyaran da wani abu da ake yi kullum

Ƙaramin yaro bai san ƙarfe biyar ba, amma ya san "kafin mu ci abinci" da "kafin wanka" da "kafin a kwanta". Ku zaɓi lokaci biyu a rana, kada su wuce haka da farko, ku manne gyaran a jikinsu. Minti biyar zuwa goma ya wadatar. Ku riƙa yi masa gargaɗi kafin lokacin: "Saura kaɗan mu tattara." Babba ma ba ya son a fizge shi daga abin da yake jin daɗi. Idan ya gina wani abu da ya sha wahala a kansa, kada a tilasta masa rushewa. A ware masa wuri ya kwana, a tattara sauran.

Doka guda ta fi kowace amfani a gidana: ba a ɗauko abin wasa na biyu sai an mayar da na farko. Da ita tarin ba ya kaiwa inda zai tsorata yaro.

A makarantun Japan, ɗalibai ne ke share azuzuwansu da barandar makaranta, a wani ɗan lokaci da aka ware a cikin jadawalin yini, malamai na tare da su. Duniya ta ga tasirin hakan a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, lokacin da magoya bayan Japan suka tsaya tsince shara a filin wasa bayan ƙasarsu ta doke Jamus. Abin lura shi ne gyaran yana da lokacinsa sananne, kuma kowa yana ciki. Ku yi haka a gida: idan lokacin ya yi, kowa ya miƙe, har Baba.

Kada ku sa ran ganin sakamako a mako guda. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL ta Landan ya nuna cewa manya ma kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin sabuwar ɗabi'a ta zama jiki, wasu 18, wasu har 254. Sun kuma gano cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Idan babba haka ne, yaro ya fi cancantar haƙuri. Ranar da aka yi baƙi ko aka dawo a gajiye, a bari, gobe a ɗora.

Mataki na biyar: ranar da ya ce ba zai yi ba

Ranar tana zuwa, kuma a nan ne yawancinmu muke faɗuwa, ta ɗayan hanya biyu. Ko dai mu harzuƙa mu yi tsawa da duka, ko mu gaji mu ce "bar shi kawai" mu kwashe da kanmu. Ta farko tana koya masa cewa gyara abin tsoro ne da ake yi idan babba ya fusata, don haka ranar da ba kwa nan ba zai yi ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya a 2018 tana jan hankalin iyaye su guji duka da muzantawa, saboda ba sa gyara ɗabi'a a tsawon lokaci. Ta biyu kuwa tana koya masa cewa kuka da birgima na minti biyar suna sauke masa aiki.

Ku fara duba ko yunwa ce, ko barci, ko rashin lafiya. Yaron da idonsa ke lumshewa ba a koya masa komai. Idan ba ɗaya daga ciki, ku ba shi zaɓi biyu da duk kun yarda da su: "Da motoci za ka fara ko da littattafai?" Idan tarin ne ya yi masa yawa, ku raba: "Ni zan kwashe jajaye, kai ka kwashe sauran." Idan ya ci gaba da turjewa, ku faɗi abin da zai biyo baya sau ɗaya, ba tare da ɗaga murya ba: "Idan ka gama tattarawa sai mu fita." Daga nan ku yi shiru, ku kama wani aiki. Fitar ba za ta yiwu ba sai an tattara, ko da zai yi kuka. Ku lallashe shi in yana kuka, amma kada ku janye maganar.

Ga wanda ya kai shekara biyar zuwa sama, abin wasan da aka bari a ƙasa bayan lokacin gyara ana iya ɗauke shi a ajiye kwana ɗaya ko biyu. A sanar da shi dokar tun kafin ranar, kada ta zo masa a bazata. Kada ku yi barazanar da ba za ku cika ba, irin su "zan zubar da su duka a shara". Da ya gane ba za ku aikata ba, sauran maganganunku ma sun rage nauyi. Haka nan kada ku mayar da shara ko wanke-wanke horo a kan wani laifi dabam. Wanda aka saba hukunta shi da tsintsiya, zai girma yana ƙin tsintsiya.

Kalmar "ƙazami" ko "malalaci" kuma ku cire ta daga bakinku. Yaro yakan sa rigar da aka ɗinka masa. Ku yi magana a kan abin da ke ƙasa: "Ga tawul a ƙasa, ina wurinsa?"

Yabo, lada, da hannun da ke ƙaiƙayi

Ku yaba da abin da idonku ya gani: "Ka jera littattafan nan duka, yanzu ana iya wucewa." Wannan ya fi "yaron kirki" amfani, domin ya gaya masa takamaiman abin da zai maimaita. Batun biyan yaro don ya kwashe abin da shi ya watsa, ni ban goyi baya ba. Warneken da Tomasello sun sake wani gwaji a 2008 da yara 'yan wata ashirin, suka ga waɗanda aka riƙa ba kyauta idan sun taimaka sun rage taimako bayan an daina bayarwa, saɓanin waɗanda aka yaba wa kawai ko ba a ba komai ba. Idan babban yaro ya yi wani aiki na musamman da ya wuce nasa, a kyautata masa, babu laifi. Amma ɗauke farantinka bayan ka ci ba kwangila ba ce.

Sai abin da ya fi ba ni wuya. Yarinya ta gyara gado, zanin ya karkace, matashi ya juya baya, hannuna yana ƙaiƙayi in miƙe shi. Idan na gyara a gabanta, na gaya mata aikinta bai yi ba, gobe kuma za ta ce to Mama ta yi mana. Ku bar shi a karkace. In akwai gyara, ku jira wata rana ku nuna abu ɗaya tak: "Zo ki ga yadda ake cusa wannan gefen." Ku amince gidan mai ƙananan yara ba zai zama fes kamar ɗakin baƙi ba.

Maza da mata, da abin da suke gani a wurinmu

Rahoton UNICEF na 2016 ya nuna cewa a faɗin duniya 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suna kashe lokacin da ya zarce na maza da kashi 40 cikin ɗari a aikin gida, wato ƙarin sa'o'i miliyan 160 a kowace rana. Wannan bambanci daga ƙananan abubuwa yake farawa, daga "ke, zo ki ɗauke wa yayanki kwanonsa". Yarinyar ta koyi cewa ɓarnar wani nauyinta ce, yaron ya koyi cewa tasa ɓarnar nauyin wata ce. An cuci su biyun. Namijin da ya kai shekara ashirin bai iya ninke rigarsa ba, shi zai sha wuya ranar da ya bar gida, daga baya kuma matarsa ta gaji wahalar. Wanda ya watsa shi ke tattarawa, mace ko namiji, babba ko auta.

Idan akwai mai taya ku aiki a gida, ku zauna da ita ku fayyace: kayan wasa, takalma, jaka da farantin yara ba aikinta ba ne. Ku faɗa a gaban yaran, cikin mutunta ta. Kakanni da sauran manyan gida ma a roƙe su cikin ladabi su daure kada su riga yaro ɗauka.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ke tuɓe takalmi a tsakar ɗaki, ya bar kofi a inda ya sha, ba shi da bakin cewa ɗansa ya gyara. Ku bari su riƙa jin ku kuna faɗa da baki: "Na gama da almakashi, bari in mayar da shi." Idan kun manta abu suka tuna muku, ku ce "ka yi gaskiya" ku tashi ku ɗauke.

Idan an makara

Wanda ɗansa ya riga ya kai shekara goma ko sha biyar bai saba ba, kada ya fara da faɗa. Ku zauna a lokacin da babu wanda ransa ke ɓace, ku faɗi gaskiya: "Mun daɗe muna yi maka abin da ya kamata mu koya maka. Daga yau za mu sauya." Ku zaɓi abu biyu kacal, misali kayan wanki su shiga kwando, faranti ya koma wurin wanke-wanke. Ku bar shi ya zaɓi lokacin da zai riƙa gyara ɗakinsa a mako, ku rubuta ku liƙa a bayan ƙofa. Wuraren da kowa ke amfani da su dole a bar su a kimtse kullum, cikin ɗakinsa kuwa a ɗan sassauta masa, muddin babu ragowar abinci ko jiƙaƙƙen kaya.

Daga nan ku bar sakamakon ya yi magana. Rigar da ba ta shiga kwando ba, ba a wanke ta ba. Ranar da ya neme ta zai fita ya tarar da ita a ƙarƙashin gado, kada ku ce "ai na gaya maka", kada kuma ku tashi da sauri ku wanke masa. Ku nuna masa inda sabulu da bokiti suke, ku tsaya kusa idan wannan ne karonsa na farko.